Yadda na koma yin sallah a tsaye bayan na fidda rai

Assalamu alaikum warahmatullah. Na daɗe ina so in rubuta labarin nan saboda 'yan uwana mata da suka manyanta da kuma yaran da ke riƙe da iyayensu a gida, don abin da ya same ni na ga yana samun mata da yawa a nan Kebbi amma sai kowa ya ce ai tsufa ne a yi haƙuri. Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, shekaruna sun haura 65, kuma Alhamdulillahi har yanzu hankalina da idona garau suke.

A Yauri aka haife ni, ina yarinya aka gama dam ɗin Kainji a 1968, na tuna yadda ake ta maganar mutanen da ruwa ya tasa daga gungunansu. Mu dai a gidanmu kifi ba abin marmari ba ne, kullum akwai shi, babba da ƙarami, ƙananan nan da masunta ke kira warangi kuwa da ƙayarsu da kansu muke tauna su, ga Fulani na kawo nono har ƙofar gida, ga miyar kuka kusan kowane dare. Wanki a bakin ruwa, ɗiban ruwa, daka, surfe, duk a rana muke yi. Lokacin UPE na 1976, shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, aka kwashe mu aka koya mana aikin malanta, na yi aure, na haifi 'ya'ya bakwai na shayar da su duka, kuma ina tafiya makaranta a ƙasa in dawo a ƙasa. Ban san wani abu wai shi ciwon ƙashi ba wallahi, in na ji tsofaffi na kukan baya da ƙugu sai dai in ce sannu.

Abin ya fara ne bayan al'ada ta ɗauke mani, ɗan ciwon baya haka in na yi shara, ban ɗauke shi komai ba. Sai Allah ya yi wa Malam rasuwa, na shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ina ɗaki ba na ko son fitowa tsakar gida saboda zuciyata ba daɗi, abinci ma sai an matsa mani nake shan koko. Da na fita takaba babban ɗana ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba, ya ɗauko ni ya dawo da ni wajensa Birnin Kebbi. Allah ya yi masa albarka shi da matarsa, ba su rage ni da komai ba, amma gidan irin na zamani ne, ko'ina a rufe, tayil har waje, ɗan filin da ke akwai an yi masa rumfar kwano saboda mota. Ba a bari in ɗauki ko tsintsiya, in na tashi zan yi wani abu sai surukata ta ce haba Inna zauna ki huta mene ne amfaninmu. Daga ɗaki sai falo, daga falo sai ɗaki, fanka na kaɗawa, in za mu fita unguwa kuma in zura hijabi har ƙasa in shiga mota. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ni sai in yi wata rana ba ta taɓa fatata ba, kuma a lokacin ni da su duka muna ganin wannan ai shi ne hutu.

A hankali ciwon ya sauka ƙugu da cinyoyi da haƙarƙari, ciwo ne mai nauyi can cikin ƙashi, in jikana ya faɗo jikina da wasa sai na yi ƙara. Amma abin da ya fi tayar mani da hankali ba ciwon ba ne, rashin ƙarfi ne. In na zauna a tabarma ba na iya tashi sai na dafa ƙasa na dafa gwiwa na kama bango, tsuguno a banɗaki ya zama tashin hankali, matakala biyu ta ƙofar falo sai an riƙe ni, tafiya kuma ina yi ina karkata nan da can. Sallah ce ta fi ci mani rai. In na yi sujada ɗagowa zuwa tsayuwa ta gagara, har dai aka saya mani kujerar roba na koma sallah a zaune. Na san addini ya yi sauƙi, na san ladan na nan, amma ni dai duk sanda na zauna a kujerar nan na kabbara sai hawaye ya zubo mani.

Kowa da abin da ya ce. Wasu sanyi ne, wasu amosani, wata ma ta ce a bincika ko hannu aka sa mani. An kawo saiwoyi, an kawo man shafawa, na sha rubutu. Sai wata maƙwabciyarmu, da kyakkyawar niyya Allah ya sani, ta aiko yaro da haɗin kemis, ƙwayoyi kala kala ƙulle a farar leda, wai na sanyin ƙashi da ƙarin ƙarfi, har da bitamin a ciki inji ta. Gaskiya ranar da na fara sha na yi barci mai daɗi, ciwo ya lafa, cin abinci ya buɗe. Cikin 'yan watanni fuskata ta cika ta yi zagaye, ciki ya fito, masu zuwa gaisuwa na cewa ma sha Allah Inna ta murmure Birni ya karɓe ta. Amma cinyoyina ƙara sirancewa suke, tashi ƙara wuya yake, fatata ko ɗan bugu ta samu sai ta yi tabo, ga ƙishirwa ga yawan fitsari da dare, kuma duk ranar da haɗin ya ƙare sai in ji jikina ya mutu gaba ɗaya har da jiri.

Ɗiyata ta uku da ke aikin jinya a Sakkwato ce ta zo hutu, tana ganina ta ce Inna wannan ba ƙibar lafiya ba ce, mi kike sha? Na nuna mata ledar. Ta zazzage a tafin hannunta ta ware wasu 'yan ƙanana ta ce wannan dexa ce, wato dexamethasone, magani mai ƙarfi na danne kumburi, waɗannan kuma masu kashe zafin ciwo ne irin su diclofenac, bitamin ɗin da ake faɗa kuwa ƙwaya ɗaya ce 'yar rawaya wadda ba ruwanta da ƙashi. Washegari ta sa yayanta ya kai mu asibiti.

Likitan yaro ne matashi, sa'an ɗana na biyar, amma ya zauna ya saurare ni bai yi gaggawa ba. Ya ce Mama zauna a kujerar nan ki rungume hannuwanki a ƙirji ki tashi ba tare da kin dafa komai ba, na yi na yi na kasa. Ya danna ƙashin ƙwaurina da na ƙirji na ce wayyo. Ya tambaye ni abin da nake ci tun daga safe har dare, ya tambaye ni yaushe rabona da zama a rana, har na yi mamakin tambayar. Aka ɗebi jini, aka yi hoton baya da ƙugu. Gwajin bitamin D ɗin shi ya fi tsada kuma shi ya fi daɗewa kafin ya fito. Da sakamako ya haɗu ya ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa sosai, suga ya hau, ɗaya daga cikin ƙasusuwan bayana ya ɗan danne, ƙoda dai Alhamdulillahi da sauranta amma da an ci gaba da haɗin nan ita ma da ta taɓu.

Bayanin da ya yi mani shi nake so mutane su ji, don ni da na yi shekaru ina koyar da yara kiwon lafiya a aji ban san shi haka ba. Ya ce ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo, kuma abin ginin shi ne kalsiyam. Ƙarfin ƙashin mutum na kai ƙarshensa wajen shekara 30, daga nan sai riƙo, mace kuma in al'ada ta ɗauke sinadarin da ke kare mata ƙashi yana raguwa sai rushewar ta fi ginin sauri. Shi kuma bitamin D aikinsa ya sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, in babu shi ko me ka ci kaɗan ne zai shiga, sai jiki ya koma yana ɗiba daga ƙashi don jini da zuciya ba sa jira. Tsoka ma tana buƙatarsa, musamman ta cinya da ƙugu, shi ya sa tashi daga ƙasa ke gagara. Kuma mafi yawan bitamin D ba daga abinci yake zuwa ba, fata ce ke ƙera shi in rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara, fatar tsoho ba ta ƙerawa yadda ta yaro ke yi, ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yi, wadda ta sauka a kan tufafi ma ba ta yi. Ita kuma dexa in an daɗe ana sha tana cin ƙashi da tsoka yadda gara ke cin azara, daga waje ka ga ɗaki tsaye lafiya lau, tana kuma tayar da suga da hawan jini.

Ni na ɗauka zai ce in watsar da haɗin a ranar, sai ya ce a'a dexa ba a yanke ta farat ɗaya in an daɗe a kanta, saboda jiki ya saba ya daina ƙera nasa, yankewa haka na iya kayar da mutum har ya kai ga rasa rai. Ya rubuta yadda za a riƙa rage ta kaɗan kaɗan, ɗiyata ce ta riƙa bugo waya tana bin lissafin. Wannan lokacin na sha wuya ba kaɗan ba, ciwon da aka danne duk ya dawo, kasala, rashin jin daɗin baki, akwai daren da na roƙi surukata ta aika a sayo mani ledar nan ko ɗaya ce, ta durƙusa ta ce Inna ki yi mani rai ki ƙara haƙuri, tana kuka ina kuka.

Likitan ya fara ba ni bitamin D mai ƙarfi, ƙwaya ɗaya a sati mai 50,000 a ma'aunin da suke rubutawa IU, na sati takwas, ya ja kunnenmu sosai cewa a sati ne ba kullum ba. Bayan nan aka mayar da ni ƙarami na kullum mai 1,000. Ya ce abin da aka saba cewa tsoho na buƙata a rana 600 ne zuwa 800, kuma kada mutum ya wuce 4,000 kullum bisa ra'ayin kansa, domin shi bitamin D ba ya fita ta fitsari, taruwa yake a jiki, in ya yi yawa kalsiyam ya cika jini ya kawo amai da ruɗewa da tsakuwar ƙoda. A sha shi bayan abinci mai ɗan maiƙo ya fi shiga. Sai ƙwayar kalsiyam mai miligiram 500, ita ma da abinci, ya ce jiki ba ya iya ɗaukar fiye da kusan haka a zama ɗaya don haka ba amfanin haɗiye biyu tare. Kuma kada a haɗa ta lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini ko cipro ɗin nan da ake ba mutane in an ce taifod, tana hana su aiki, a bar awanni a tsakani. Ta ɗaure mani ciki da farko gaskiya, sai da na ƙara shan ruwa da cin ganye.

Amma ya ce Mama ƙwaya kaɗai ba za ta tashe ki ba. Mace irina na buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,200 a rana, kofi ɗaya na madara ko nono na ba da kusan 300, sauran a nemo a kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya da kifin gwangwani. Na yi shiru ina jinsa, don duk abin da ya lissafa abincin gidanmu ne na Yauri da na bari. A Birni tuwon shinkafa ne da taliya da shayi da burodi, nama kuma in an sa mani a kwano jikoki nake miƙa wa, wace kaka ce za ta ci tsoka yaro na kallonta, ga haƙoran ma sun ragu. Ya ce to tsokar jikinki da me za ta ginu, ki ci wake, ki ci ƙwai, ki ci awara, a dafa kifi ya yi laushi. Ɗiyata ma ta ba ni labarin binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 a kan yara masu gwame da bauɗaɗɗun ƙafafu, aka gano da yawansu ba rana suka rasa ba kalsiyam ne babu a abincinsu, kuma da aka ba su shi ƙafafun suka gyaru. Wato a ƙasar nan abin biyu ne, wani rana ya rasa wani abinci, ni kuma na haɗa duka.

Ɗana ya sa aka cire kwano biyu daga rumfar bayan gida aka kewaye wajen da zana. Da hantsi nake fita in shimfiɗa tabarma in naɗe hannun riga in buɗe ƙwauri, minti ashirin zuwa talatin ina jan carbi, babu mai ganina sai surukata da yara, addinina bai taɓu ba. In na gama in kama kujera in tashi in zauna in tashi in zauna iya yadda zan iya, sai zagaya gida. Da na ɗan samu dama na ce a ba ni tsintsiyata da tsintar shinkafa da wankin 'yan kayana, na gaya wa surukata in kina ƙaunata ki bar ni in motsa. Ina so yaran yanzu su gane wannan, tausayin da ke zaunar da tsoho waje ɗaya yana karya shi.

Sauƙin bai zo da wuri ba. Wata na farko ban ga komai ba, sai wajen wata na uku na lura ciwon haƙarƙari ya tafi, ina juyawa a gado ba na farkawa. Kumburin fuska ya saɓe, suga ya sauka har aka ce abinci kawai zan kiyaye. Wata rana da la'asar na ture kujerar gefe na ce bari in gwada, na yi raka'a huɗu a tsaye ina dafa ƙasa wajen tashi, da na sallame na daɗe ina godiya ga Allah. Yanzu farilla duk a tsaye nake yi, nafila mai tsawo ce nake zama. Bayana da ya ɗan ranƙwafa dai bai miƙe ba kuma likita ya gaya mani gaskiya ba zai miƙe ba, saboda ƙashin da ya danne ma ya ƙara mani wani magani na daban na hana ƙashi zaizayewa, wanda ake sha da safe kafin a ci komai da ruwa cike da kofi kuma ba a kwanciya sai an yi rabin awa.

Akwai abin da ya sa nake jin tsoron yadda labarina ke yawo a bakin mata. Da aka ga na tashi sai aka fara zuwa ana cewa Malama nuna mana kwalin, kowa na so ya saya. Wata aminiyata da muka yi koyarwa tare ta saya ta sha wata da watanni ba ta ga canji ba, da ta je aka duba ashe ita gwiwa ce ta goge, gurunguntsin ya cinye, jininta kuma bitamin D lafiya lau. Wata kuma ƙafafu ke mata zugi da dindiris, tana da suga ta daɗe tana shan maganin suga metformin, ita bitamin B12 ne nata ya yi ƙasa, wani abu ne daban. Ɗiyata ta ce a Amurka an bi mutum sama da 25,000 shekaru ana ba rabinsu bitamin D kullum, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai rage karaya ba ga mutanen da dama ba su da ƙarancinsa. Ni ya yi mani aiki ne saboda na rasa shi. Ga kuma masu yawo gida gida da robobi masu kyalli daga waje, roba ɗaya kuɗinta ya kusa fanshona na wata, wai tana maganin ƙashi da suga da ido da komai da komai, kuma sai ka shiga ka kawo wasu. Wallahi abin na ƙona mani rai in na ga gwauruwa ta sayar da akuyarta a kan wannan, alhali wanda likita ya rubuta mani a kantin magani mai rajista ake sayensa da lambar NAFDAC a jiki, kuɗinsa bai kai ko kusa ba, kuɗin akuyar nan da nono da kifi aka saya mata da ya fi.

Wadda ta fi tsaya mani a rai ita ce wata yayarmu a dangi da ta zame a banɗaki, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi yana dariya, ita ƙugu ya karye. Aka kai ta wajen mai ɗori aka ɗaure, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba, gyambon kwanciya ya kama ta, shekara ba ta zagayo ba ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kwana ya ƙare ne na sani, amma ita ma ta yi shekaru tana shan irin ledar nan, ita ma fuskarta ta cika ana yaba mata. Tun daga nan na sa aka sa mani ƙarfen riƙewa a banɗaki da fitila mai caji a bakin gado, na kuma daina sa silifas mai santsi a kan tayil.

Yanzu duk bayan wata shida nake komawa a duba jini da ƙoda, a zuwan ƙarshe likita ya rage mani ƙwayar kalsiyam saboda ya ce abincina ya gyaru, kullum ina shan fura da nono ko kindirmo, ana aiko mani da busasshen kifi daga gida. Ƙanwata da ke Yauri ita nake fama da ita yanzu, ta fara dafa bango in za ta tashi kuma na ji an ce ana saya mata haɗi a kasuwa. Na buga mata waya na ce kada ta yanke shi da kanta kuma kada ta ƙara sayen sabo sai likita ya gani, ta zo da ledar a hannunta. Ta ce kuɗin gwaji ne matsala, na yi magana da babban ɗana ya ce zai ɗauki nauyi, mun tsayar in an gama yankan shinkafa ɗanta zai kawo ta nan Birni mu tafi asibitin tare. Ku sa ta a addu'a don Allah.